GIS: ba ofishin takardun fili ba ne, ba kuma muryar cikin waya ba

Tun da damina ta kankama a Legas, da wuya a yi mako ban ji an ambaci GIS (Geographic Information System, wato tsarin bayanan wuri a kwamfuta) a rediyo ba. Ruwa ya ci unguwa, a ce GIS zai magance. An rushe gidaje, a ce GIS ne ya nuna ba bisa ƙa'ida suke ba. Ran nan a teburin mai shayi kusa da layin dogo a Agege, wani dattijo dillalin shanu ya ce shi dai a saninsa ofis ne da ake karɓar shaidar mallakar fili. Wani matashi ya ce, "A'a Baba, ai shi ne na cikin waya, mai ce maka yi dama, yi hagu."

Duk sun kauce, amma dattijon yana da uzuri. A 2003 aka kafa AGIS, hukumar kula da bayanan filaye, a Abuja, daga baya aka samu KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, NAGIS a Nasarawa. Sunan sai ya manne wa ofis, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakinmu. Na matashin kuwa GPS yake nufi: taurarin ɗan'adam na Amurka da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, waya ta kama saƙon aƙalla 4 daga cikinsu ta gane inda take. Tambaya ɗaya yake amsawa, ina nake? Daga nan aikinsa ya ƙare.

GIS tsari ne na jera bayanan wuri hawa-hawa a kwamfuta. Shimfiɗar farko tituna, a ɗora magudanan ruwa, a ɗora tudu da kwari, gidaje, asibitoci, rijiyoyin burtsatse, kowane ɗigo da bayaninsa a maƙale. Sannan a yi wa taswirar tambaya: gidaje nawa ne ke cikin kwari, a bakin kwata, kuma nesa da asibiti? Roger Tomlinson ne ya fara gina irinsa ga gwamnatin Kanada a shekarun 1960, amma dabarar ta girmi kwamfuta.

A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe mutum sama da 600. Likitocin lokacin sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga sun taru kewaye da famfon ruwa guda a titin Broad. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon, daga baya ya buga taswirarsa mai shimfiɗa biyu, mamata da famfuna. Kowa a nan yake tsayar da labarin. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina wata bazawara ce a Hampstead, nesa da Soho, wadda ita ma cutar ta kashe. A taswira ba ta da haɗi da famfon ko kaɗan. Sai da aka bincika aka gano ɗanɗanon ruwan titin Broad take so, ana yi mata dakonsa har gida. Ga kuma ma'aikatan wani gidan giya a kan titin da suka tsira, don ba ruwan famfon suke sha ba. Ƙafa da tambaya ne suka tono waɗannan.

To ka dawo Legas, inda kwalara ta sake tashi a 2024, inda kuma ruwa a kura yake yawo. Ɗan'uwanmu mai ruwa ya cika jarkoki goma a burtsatsen wannan layi, ya tura su layi na biyar, gobe in babu wuta ya koma wata rijiyar. Wace kwamfuta ce ta san hanyarsa? Legas cike take da irin bazawarar Hampstead, kuma sai wani ya tsaya ya tambayi mai kurar kafin hakan ya hau allo.

Shi ya sa kalmar "GIS ya nuna" take ci mini rai. Ba ya nuna sai abin da aka zuba masa. Kalmar taswira ma daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da sura, wato wani ne ya suranta, ya zaɓi abin da zai sa da wanda zai bari. Unguwar Makoko, da ke kan ruwa ana hango ta daga gadar Third Mainland, ta daɗe kusan fayau a taswirorin intanet, sai a 2019 ƙungiyar Code for Africa ta haɗa kai da matasan wurin, da jirage marasa matuƙi da kwale-kwale da wayoyi, suka sa hanyoyin ruwanta da makarantunta a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya ƙara mata bayani. Shiga taswira ma takobi ne mai kaifi biyu, don wanda zai kawo asibiti da wanda zai turo katafila allo ɗaya suke kallo.

Haka kasuwar Mile 12. Daga sama rufin kwano ne da tireloli, a rubuta "kasuwa" a wuce. 'Yan dako da masu sauke tumatir da albasa da ke kwana a rumfuna ba su cikin shimfiɗar mazauna, don haka ba su cikin lissafin banɗaki ko famfo.

Da na gama wannan dogon bayani, dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "To Malam, turken shanuna yana ciki?" Muka buɗe waya muka duba. Rufin ya fito, har da inuwar bishiyar da yake zama, amma babu suna a kai.