Cin zarafin mata a labaran tasowa

Labarin tasowa nau'in ƙagaggen labari ne da ke bin yaro ko yarinya daga ƙuruciya har zuwa mallakar hankalin kai. A adabin Najeriya, idan tauraruwar mace ce, abin da kan juya rayuwarta shi ne cin zarafi: auren dole, fyaɗe, duka, ko aikatau a gidan da ba ta da mai tsaya mata.

Ginin yakan tafi hawa uku. A cire ta daga makaranta, a damƙa ta hannun miji ko uwar ɗaki, sannan ta gudu ko ta sami mai kama hannunta. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta tsara Wa Zai Auri Jahila? na 1990: an raba Abu da karatu, aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma, ta tsere, ta koma makaranta.

Legas kan fito a matsayin mafaka, amma mafakar da ke da nata tarkon. A littafin Abi Daré na 2020, The Girl with the Louding Voice, Adunni mai shekara 14 ta baro gidan da aka kai ta a mata ta uku, ta faɗa aikatau a Ikoyi. Uwar ɗaki na jibgarta, maigida na farautarta, albashinta kuma yana hannun dillalin da ya kawo ta. Bahaushen Agege ko Idi-Araba ba sai an yi masa bayanin wannan ciniki ba, ya san 'yar aikin da ba ta taɓa riƙe kuɗin watanta ba. Sefi Atta kuwa, a Everything Good Will Come na 2005, ta sa Enitan ganin fyaɗen da aka yi wa ƙawarta Sheri, wadda cikin da ta zubar da kanta ya raba ta da haihuwa. Abin da ya fi ciwo shi ne, da farko ita ma Enitan laifin Sheri take gani.

Ƙarfin salon yana cikin bakin mai ba da labari. Yarinya ce, tana ganin abin da ba ta san sunansa ba. Kambili ta Purple Hibiscus, wanda Chimamanda Adichie ta kafa a Inugu, ƙarar duka kawai take ji daga ɗakin iyayenta, sai ita da yayanta su goge jinin da ya ɗiga.

Inda marubuta ke tuntuɓe sananne ne. Wasu kan ja wurin fyaɗe har ya koma abin nishaɗi. Wasu, musamman a labaran da ake bi kashi-kashi a waya, kan kawo attajiri ya auri yarinyar, shi ke nan raunin ya warke cikin babi ɗaya, babu firgita, babu asibiti, babu gorin dangi. Kotu ma ba ta cika leƙowa ba, alhali tun 2007 jihar Legas ke da dokar kare haƙƙin yara da kuma dokar hana cin zarafi a cikin gida.