Kwamfuta a ajin firamare: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk taron iyaye da malamai sai an yi mini tambayoyin nan. Ga su a rubuce, kowa ya huta.

Tunda an kawo kwamfutar hannu, a daina sayen littafin rubutu?

A'a. A saya, har da fensir.

Ai JAMB ma da kwamfuta ake yi yanzu.

Tun 2015, na sani. Amma Hajiya, ɗanki yana aji biyu, saura shekara goma ya zauna JAMB, kuma har yau "b" da "d" rikita shi suke yi.

Malama, kwamfuta biyar gare ni, yara saba'in. Yaya zan yi?

Wannan kam tambaya ce, kuma ba ni da amsar da za ta yi wa kowa. Ya danganta da ajin, da wutar lantarki, da ko yaran sun iya haɗa baƙi. 'Yan aji ɗaya da biyu ni ba na ba su. Ɗaga ta nake yi su ga yadda harafi ke tashi daga sama ya sauko, sai kowa ya koma kan littafinsa. Daga aji uku nakan kasa su rukuni-rukuni. Kowa ya fara rubuta jimla uku da hannu, in duba, sannan rukunin ya zaɓi guda a buga. Wataƙila a ajinki hakan ya zama faɗa, don mai ƙarfi ne zai rungume ta har a buga ƙararrawa. In haka ne ki sa layi, ki riƙe agogo. Ranar da ba caji kuwa, alli yana nan. Abu ɗaya dai ba na sassautawa: a sa harshen Hausa a Gboard, wato manhajar buga rubutu a na'urar, don ɓ, ɗ da ƙ su fito. Na ga yarinyar da ta rubuta "ƙafa" daidai a littafi, ta buga "kafa", ta dawo ta goge lanƙwasar da ke littafin wai na'ura ta fi ta sani.

Ba za a bar mu a baya ba?

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Ƙasar Suwidin, wadda ta cika azuzuwa da na'urori, a 2023 ta fara komawa ga littattafan takarda.

In ba shi wayata a gida?

Kina zaune kusa da shi, eh. Don ya yi shiru ki samu ki yi girki, a'a.