Waiwaye: Hayaniyar da ke riƙe wa kwamfutar kwantum ƙafa

Tun da aka ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis kyautar Nobel ta fiziks a 2025, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin ɗaliban kimiyya a nan Kaduna. Wasu na cewa kwamfutar kwantum, wato mai aiki da dokokin fiziks na ƙananan abubuwa irin su zarra, ta kusa fasa sirrin bankuna, wasu na cewa tatsuniya ce kawai. Ba a cika tambayar abin da ke riƙe mata ƙafa ba. Hayaniya ce, wato katsalandan ɗin da muhalli ke yi mata, kuma ba yau ta fara ba.

Tubalin wannan kwamfuta, wato kubit, matakai biyu gare shi, na ƙasa da na sama, yana kuma iya riƙe su biyun a gauraye. A 1932 Landau da Zener suka fitar da lissafin yadda ake tsallakawa daga wani matakin zuwa ɗayan, amma a tsarin da ba abin da ke taɓa shi. Caldeira da Leggett ne, a farkon shekarun 1980, suka shigo da muhalli cikin lissafin: zafi da girgiza kan sa kubit ya faɗo ba da izininka ba, ko gaurayen ya watse.

Inda nake so mu tsaya shi ne 1971, a Jami'ar Cornell ta Amurka. Zeller da Pohl sun sanyaya gilashi ƙasa da digiri 1 na Kelvin, wato dab da iyakar sanyi, sai suka ga yana ɗaukar zafi fiye da yadda littattafai suka ce. A 1972 Anderson da Halperin da Varma, da kuma Phillips a Ingila, suka kawo bayani. Ƙwayoyin zarra a gilashi ba a jere suke ba. Wasu na da mazauni biyu, suna ta kai da komo, kamar ɗan kasuwar da ke da rumfa a Kasuwar Barci da wata a Kawo. Ashe gilashi cike yake da ƙananan tsare-tsare masu matakai biyu waɗanda ba wanda ya gayyace su.

A lokacin, wa ya damu da gilashi? To amma kubit na zamani irin wanda su Martinis ke aiki da shi yana ɗauke da siririyar shimfiɗar tsatsar alminiyom, kaurinta nanomita ɗaya zuwa biyu (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma zubinta irin na gilashi ne. Idan bugun ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ya yi daidai da na kubit, sai ya zuƙe masa ƙarfi. Ɓarawon a cikin gida yake. Sai a 2005 Martinis da abokan aikinsa suka nuna girman wannan ɓarna ƙarara.

Shi ya sa ni ba yawan kubit da ake tallatawa ke burge ni ba, tsabtar kayan haɗi nake dubawa. Kubit ɗin da Nakamura ya gwada a Japan a 1999 'yan nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) kawai yake riƙe halinsa. A 2021, da masu bincike a Princeton suka koma amfani da ƙarfen tantalum, kubit ɗinsu ya haura kashi uku cikin goma na milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan).