Koyon kiwon doki da hawa a gidan kiwon dawaki

Gidan kiwon dawaki, wanda masu faransanci a Nijar ke ce ma hara, wuri ne da ake aje ingarma da goɗiyoyi musamman don haihuwa da gyaran iri. Faransa ta kafa nata na gwamnati tun 1665, mafi suna cikinsu shi ne Haras du Pin na Normandi, Maroko ma tana da irinsu a Meknes da Marakesh. Nan Tawa da Yamai kam galibi bargar sarki ce ko ta wani mai hali ke yin wannan aiki, yaro ya shiga hannun maigida ya koya da ido da hannu, ba allo ba takarda.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne sai ya yi watanni bai taka likafa ba. Kwasar kashi, share turke, ɗebo ruwa, wanke doki, cire kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne, shi ne karatun farko, in ya gaji ya ce "baba yaushe zan hau" sai a miƙa mai tsintsiya. Kuma da gaskiyarsu, don dokin da bai san warinka da muryarka ba ba ya yarda da kai a bayansa.

Ciyarwa ita ce inda anka fi daɗewa. Doki cikinsa ƙarami ne kuma ba ya iya amai, shi ya sa ake ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, harawar wake ko ta gyaɗa, dusa da ɗan gero ko dawa, a bakin kogi kamar Yamai a haɗa da burgu, sai kanwa jefi jefi. A rana yana cin kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato mai kilo 350 ya ci wajen kilo 7, ruwa kuwa lokacin zafi yana shan lita 40 ko fiye. Wanda ya zuba mai gero mai yawa tashi guda ko harawar da ta yi fumfuna ya jawo ciwon ciki, za ka ga dokin yana tonon ƙasa da kofato yana waiwayen cikinsa yana son birgima, nan ba a jira, likitan dabbobi ake nema.

Ɓangaren haihuwa shi ya raba wannan gida da barga kawai. Goɗiya na neman ingarma duk bayan kwana 21 haka, cikinta wata 11 ne, kuma yawanci da dare take haihuwa, ɗalibi ya kwana kusa da ita riƙe da tocila. Duƙushi, wato ɗan dokin da anka haifa, kan miƙe cikin awa ɗaya zuwa biyu, dole ya sha dakashi da wuri don daga nan yake samun kariya daga cututtuka. Yaye wajen wata 6, sirdi kuma sai ya kai shekara 2 zuwa 3. A nan ne ake koyon duba haƙora a faɗi shekaru, da sunayen launi, kili da akawal da danda da bidi, da bambance ɗan Azbin da ɗan Arewa.

Hawan shi kansa yana farawa da ɗaura kaya: ragama, linzami, zubka, sirdi, a ja majayi a bar wurin yatsa biyu. Ta hagu ake hawa. Tafiya tukuna, sannan sassarfa, sukuwa sai can baya. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi sosai, hannu mai nauyi sai ya fasa bakin doki, shi ya sa maigida ke tsayawa gefen fili da yamma lokacin kilisa idonsa na kan hannun yaron, yana ta ce mai "sassauta, ɗana, sassauta".