Rubutu da iya magana a wurin aiki: kowace sana'a da irin nata

Ashe rubutu ba aikin 'yan jarida da malaman makaranta ba ne kaɗai?

Ko kusa. Duk aikin da wani zai ɗora daga inda ka tsaya yana bukatar rubutu. Abin da ke bambanta sana'o'in shi ne wanda zai karanta, da abin da zai aikata bayan ya karanta.

Me ake nema a rubutun ma'aikacin lafiya?

Daidaito, domin rai ne a hannunsa. Nas ɗin da ta kwana a ɗakin marasa lafiya za ta miƙa aiki da safe, kuma foldar majinyaci ce za ta yi magana a madadinta: wace allura aka yi, ƙarfe nawa, wane adadi. Idan ta yi allurar ba ta rubuta ba, wadda ta karɓe ta za ta iya maimaitawa, ga shi ba a zare allura bayan ta shiga jiki.

Ɗigo ɗaya ma yana iya jawo asarar rai. Likita ya rubuta 1.0, ɗigon bai fito ba, a karanta 10. Shi ya sa a 2004 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitoci a Amurka, ta hana rubuta sifili bayan ɗigo a takardar magani, haka ma harafin U (gajarcen kalmar "unit") a ma'aunin insulin, maganin ciwon suga, saboda ana ɗaukar sa sifili.

Sai kuma baki. Ka ce wa dattijuwar da ta zo daga ƙauye "sau uku a rana" ba ka gama ba. Ce mata: "Baba, ɗaya da asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya in za ki kwanta," sannan ka sa ta maimaita maka. A ganina wannan minti ɗayan yana cikin magani.

'Yan sanda da ma'aikatan kotu fa?

Nasu amana ce: ka rubuta abin da mutum ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Manyan kotunan Najeriya da Turanci suke aiki, alhali da yawa daga waɗanda ake gurfanarwa a Arewa Hausa suke ji. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 kuma ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya karanta masa bayaninsa har ya fahimta kafin ya sa hannu. Tsakanin "na ture shi" da "na buge shi" akwai tazarar da za ta iya sauya hukunci.

Ina bambancin rubutun rediyo da na jarida?

Mai karanta jarida yana iya komawa baya, mai sauraro ba shi da wannan damar. Don haka jimla gajera, labarin a gaba, alƙaluma kaɗan. Gwajinsa ɗaya ne: karanta da ƙarfi, inda numfashinka ya yanke, nan za ka sa aya.

Ɗan kasuwa ma sai ya iya rubutu?

Sosai. Mai shago a Kantin Kwari da ke aika kaya Zinder ta WhatsApp, in ya tsaya ga saƙon murya, ranar da gardama ta tashi sai an yi ta laluben wane saƙo ne. Layi uku sun wadatar: turmi nawa, kuɗi nawa, yaushe za a biya.

Sai mutum ya iya Turanci mai nauyi ke nan?

A'a, kuma wannan fahimta tana cutar da matasanmu. Takardar neman aiki mai cike da manyan kalmomin da aka kwafo ba ta gaya wa mai ɗaukar aiki komai. Faɗi aikin da kake nema, abin da ka taɓa yi, da inda ka yi shi, cikin shafi ɗaya. Kafin ka tura, ba wani ya karanta, ka tambaye shi abin da ya fahimta. In ya faɗi wani abu daban, takardar za ka gyara.