Waiwaye: yadda giyar masara ta Amurka ta zama abin kwana a layi

Tun ƙarshen 2025 da kamfanin Jim Beam ya ce zai dakatar da dafa burbon, wato giyar masara ta Amurka, a babbar matatarsa ta Clermont har tsawon shekarar 2026, gardama ta sake tashi a jihar Kentaki, kowa da nasa bayanin. Wasu su ce rigimar harajin kaya ce, tunda a watan Maris na 2025 lardunan Kanada irin su Ontario sun kwashe giyar Amurka kaf daga kantunansu. Wasu su ce matasa ne suka rage sha, kuma da gaske binciken kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup na 2025 ya nuna kashi 54 cikin 100 na manyan Amurkawa ne kawai suka ce suna shan giya, mafi ƙanƙanta tunda aka fara yin tambayar. Su kuma masu saye tambayarsu ɗaya ce, wai in har ganguna miliyan 16.1 ne ke kwance a sito-sito na Kentaki kamar yadda ƙungiyar masu matatun ta faɗa, jihar da mutanenta ba su kai miliyan biyar ba, to me yasa har gobe kwalbar da suke so sai an yi layi ko an jefa ƙuri'a, ko a biya ninki biyu uku a bayan fage?

Kafin wani ya jefo min wa'azi, ni ban taɓa kai wannan abu bakina ba kuma ba talla nake yi ba. Zama ne ya haɗa ni da masu sha a wajen aiki, kuma harkar kasuwar ce ta ɗaure min kai, don wallahi ranar da na fara ganin manyan magidanta da kujerun naɗewa da bargo a ƙofar kanti tun kafin asuba cikin sanyi, layin man fetur na gida ne ya faɗo min a rai, har da ƴan bumburutunsu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Tarihin farko kowa na iya samunsa, don haka ba zan ja ba. Burbon wuski ne da doka ta ce sai aƙalla kashi 51 na hatsinsa masara ne, a zuba shi a sabuwar gangar itacen ok da aka babbake cikinta da wuta, ya kwanta. A 1897 aka yi dokar farko ta tabbatar da inganci saboda masu algus sun yi yawa, daga 1920 zuwa 1933 aka haramta giya a duk faɗin Amurka, a 1964 kuma majalisar dokoki ta ayyana burbon a matsayin kayan Amurka zalla. Abin dariya daga nan sai kasuwar ta fara mutuwa. Matasan lokacin suka ce wannan abin shan tsofaffi ne, suka koma bodka da sauran fararen giya, zuwa tsakiyar shekarun 1970 bodka ta sha gaba. Matatu suka yi ta rufewa, ganguna suka cika sito ba mai tambaya.

To a nan ne abin da nake so a tsaya a kai ya faru, kuma shi ne ba a cika faɗa ba in ana wannan gardamar.

Sai ka fara gane cewa ganga biyu ba sa taɓa zama ɗaya. Ruwan da ke fitowa daga tukunya fari ne tas kamar ruwan famfo, duk launin ja-ja ɗin nan da yawancin ƙamshin daga itace yake samu, in zafi ya yi sai ya kutsa cikin katako in sanyi ya zo ya dawo, shekara da shekaru. Sitocin nan wasu hawa bakwai ne wasu ma sun fi, gangar da ke can sama kusa da kwano tana gasuwa, ta ƙasa tana cikin sanyi da laima, don haka ko da rana ɗaya aka cika su daga tukunya ɗaya bayan shekara takwas kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. A da wannan bambancin aibi ne, ciwon kai ne ga mai matata. Duk gwanintar ita ce a juye ganguna ɗaruruwa wuri guda a gauraya, yadda kwalbar bana za ta yi daidai da ta bara, mai saye ba zai ji wani sauyi ba.

A 1983 wasu ƴan kasuwa biyu suka sayi wata tsohuwar matata a garin Frankfort, wadda a yau ake kira Buffalo Trace, a lokacin tana numfashi da ƙyar. Suka duba suka ga a gida ba kasuwa, amma a Japan akwai. Japan ta shekarun 1980 kuɗi ne ke yawo kamar ba a so, ga su da al'adar kai wa manya da abokan hulɗa kyauta sau biyu a shekara, tsakiyar shekara da ƙarshenta, kuma kyautar dole ta zama mai kyan gani mai tsada wadda ba za a ji kunya ba. Sai suka kira shugaban masu dafa musu, wani dattijo Elmer T. Lee da ya kusa ritaya, suka ce ya fito musu da wani abu na alfarma.

Shi Elmer tun 1949 yake gidan, ya shigo ne a matsayin injiniyan gyaran injuna, ya kuma riski zamanin Kanar Albert Blanton wanda ya daɗe yana shugabancin matatar. Sai ya tuna cewa in Kanar zai yi manyan baƙi, ba ya ba su abin da ake sayarwa a kasuwa, sai ya aika wani sito da ake kira H a zaɓo masa ganga guda daga tsakiya, irin waɗanda suke kira gangar zuma, a ɗura ta ita kaɗai ba gauraye. Shi wannan sito na H a 1935 aka gina shi cikin gaggawa bayan an ɗage haramci, shi yasa aka yi bangonsa da ƙarfe maimakon bulo, kuma ƙarfen nan ne ya sa zafi da sanyi ke ratsa shi da sauri, giyar ciki take nuna daban. Wato abin da aka yi don sauri da sauƙi shi ne ya zo ya zama sirri. A 1984 aka fitar da Blanton's, burbon na farko na zamani da aka sayar a matsayin na ganga ɗaya. Wani abin mamaki, Elmer ɗin nan a yaƙin duniya na biyu yana cikin sojojin da ke tashi a jiragen B-29 daga tsibirin Guam suna kai wa Japan hari, sai ga shi shekara kusan arba'in bayan nan mutanen Japan ne suka rungumi abin da ya ƙirƙira alhali ƴan ƙasarsa ba su ko kalle shi ba. Ikon Allah kenan.

Yanzu ku duba abin da aka yi da idon basira. Kwalbar mai ƙusurwa-ƙusurwa kamar ta turare, a kan marfin ga doki da mahayi, a jikin takardar kuma da hannu ake rubuta ranar da aka juye gangar, da lambarta, da sito, da layin da ta kwanta. Ganga tana cin galan 53, kusan lita 200, in a cike take kwalba 260 da ɗoriya kenan, amma kowace shekara wani kaso yana tsotsewa ta jikin katako ya bi iska (suna kiransa wai rabon mala'iku, a'uzubillahi, ni dai na ce a nemi wani sunan), don haka abin da ake samu yakan tsaya wajen 150 zuwa 250 gwargwadon shekaru da ruwan da aka sirka. In wannan ta ƙare ta ƙare har abada, ba wanda zai iya sake yin irinta ko mai matatar. A lokacin da giya ta yi yawa har ba wurin ajiya, aka samo hanyar sayar da ita a matsayin abu ɗan kaɗan, kuma ba ƙarya aka yi ba, da gaske kowace ganga ɗaya ce tilo. Ni a ganina duk layin da ake yi yau a wannan takardar da aka rubuta da hannu aka haife shi. Ba mugunta ba ce, neman tsira ne, mutane na ƙoƙarin kada a kulle gidan da suke cin abinci.

Kuma hannun Japan bai tsaya nan ba. Farkon shekarun 1990 kamfanin Takara na Japan ya mallaki kamfanin da ke da sunan Blanton's, har yau matatar Frankfort dafawa take yi amma sunan ba nata ba ne, akwai ma nau'o'in da aka yi don kasuwar Japan kawai waɗanda Amurkawa ke roƙon matafiya su riƙo musu. Wani burbon mai suna Four Roses kuwa shekaru da yawa mai kyan nasa Japan da Turai ake kai wa, ƴan gida a bar su da gauraye, sai bayan kamfanin Kirin na Japan ya saye shi a 2002 ya dawo. A 2014 Suntory, shi ma kamfanin Japan, ya sayi kamfanin Jim Beam a kan kusan dala biliyan 16.

Sauran gidaje da suka ga haka sai suka bi sahu, Booker's a 1988, su Knob Creek a 1992, a 1996 kuma burbon ɗin Pappy Van Winkle da ya shekara 20 a ganga ya ci maki 99 cikin 100 a wani gwajin ɗanɗano a Chicago, alhali shi ma asalinsa ragowar gangunan zamanin kwantai ne da suka tsufa saboda ba mai so. Daga nan labarin kowa ya sani, intanet ta zo, aka fara ɗora hotunan kwalabe, a 2013 har aka wayi gari katan-katan na Pappy sun yi ƙafa daga sito aka yi ta labari a duniya.

Sai dai burbon ba burodi ba ne da za a ƙara kwaɓi yau a sayar gobe. A 1999 gaba ɗaya Kentaki ganga kusan dubu 455 ta cika. Kwalba mai shekara goma sha biyu da jama'a suka yi wa ca a 2011, a waccan shekarar ta rashin fata aka zuba ta, ba yadda za a yi a koma baya a ƙara. Ga kuma tsarin da aka kafa bayan 1933, matata ba ta kai kaya kanti kai tsaye sai ta hannun dila, dila ne zai raba wa kantuna wannan kwalba shida wancan biyu, mai kanti kuma ko ya ɓoye wa kwastomominsa na amana ko ya tsawwala. Sayar da giya ba lasisi laifi ne, amma kasuwar bayan fage ta buɗe a zaurukan Facebook, a 2019 aka rufe da yawa suka sake tsirowa da wasu sunaye. Su masu matatu da suka ga layi sai suka yi ta gini da ɗurawa, a 2023 kaɗai ganga miliyan 3.2 aka cika, kusan ninki bakwai na 1999. Yadda na baya suka yi lissafi da kasuwar da ta mutu suka dafa kaɗan, haka na yanzu suka yi lissafi da kasuwar da ke tashe suka dafa da yawa, kowa da abin da idonsa ya gani ya yi aiki, sakamakon ne ba ya fitowa sai bayan shekara takwas ko goma. Ga shi Kentaki tana karɓar haraji kan duk gangar da ke kwance, wanda sai a hankali dokar 2023 za ta janye shi zuwa 2043.

Ita kuma dabarar Elmer yanzu ta zama ruwan dare. Kanti ko ƙungiyar abokai za su je matata a jera musu ganguna uku ko biyar, a zura wani dogon bututun jan ƙarfe da suke kira ɓarawo a zuƙo kaɗan-kaɗan, su shinshina, su kurɓa su juya a baki kamar masu tauna, su ɗiga ruwa su sake, wannan ya ce yana jin banila da kirfa wancan ya ce a'a shi ƙonannen sukari da taba yake ji, a ƙarshe su zaɓi guda a ɗura musu da sitikarsu a jiki. Kowace ɗaya a cikinsu da gaske ɗan kaɗan ce, amma in irinta dubbai ne a shekara to kalmar ta fara rasa nauyi, shi yasa za ka ga wasu sun yi ƙura a kan kanta yayin da wasu sunaye ƙalilan ake kokawa a kansu. Su kansu tsofaffin mashaya suna yi wa masu farautar kwalba ba'a suna kiransu dankali.

Wani abokin aikina ɗaya ne daga cikin dankalin, shi da bakinsa yake faɗa yana dariya. Tun 1999 ake saka harafi ɗaya a gindin kowane doki na marfin Blanton's, guda takwas, in ka jera su sai su rubuta sunan kuma ka ga dokin yana tsere daga tashi har ƙarshe. Ya taɓa nuna min hoton kantarsa a waya, kwalabe bakwai a jere, huɗu ko buɗe su bai yi ba. Na ce to kai da kake cewa kowace ganga ɗanɗanonta daban, wacce ta fi? Ya ce wallahi in aka rufe masa ido ba lallai ya bambance ba, shi dai N ta biyu yake nema, mai ɗigo biyu a gefe, kuma ya ji wai wani kanti a Ohio zai sauke kaya ranar Asabar.