Mece ce tuƙa, kuma waɗanne dabbobi ne suke yin ta?

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan: akuya ta dawo daga jeji, ta samu inuwa ta kwanta, babu ko tsinken ciyawa a gabanta, amma bakinta yana ta motsi. Idan ka zuba mata ido za ka ga ta haɗiye, ta ɗan tsaya, sai wani curi ya biyo wuyanta ya hau sama, ta ci gaba da tauna. Wannan ita ce tuƙa: dabba ta dawo da abincin da ta riga ta haɗiye zuwa baki, ta sake taune shi a tsanake.

Masu tuƙa na ainihi sun kai nau'i 200 a duniya. A gida akwai shanu da tumaki da awaki. A dawa akwai ɓauna, barewa, gada, gwanki, da raƙumin dawa irin na Kure da ke kusa da Yamai, wanda curin tuƙarsa yake bin dogon wuyan nan har ya iso baki. Dukkansu masu rababben kofato ne, kuma ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Shi ya sa saniya take naɗo ciyawa da harshe ta fizge, ta haɗiye kusan ɗanya.

Mutane kan ce saniya ciki huɗu gare ta. A gaskiya ciki ɗaya ne mai ɗakuna huɗu, kuma wanda ya taɓa wanke kayan ciki ranar Babbar Sallah ya ga dukkansu. Na farko shi ne babban tumbi, wanda a babbar saniya yake ɗaukar fiye da lita 100. Na biyu shi ne mai zanen saƙar zuma. Na uku mai fallaye ne kamar shafukan littafi, aikinsa tsotse ruwa. Na huɗu ne kawai yake kama da namu, domin shi ne mai fitar da ruwan tsami mai narkar da abinci.

Babban tumbin nan shi ne ginshiƙin lamarin. Saniya da kanta ba ta iya narkar da kara ko busasshiyar ciyawa, kamar yadda mu ma ba za mu iya ba. Masu wannan aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suke zaune a cikin tumbi da yawan da ya wuce lissafi. Su suke ruɓar da ciyawar, su fitar da wasu sinadarai da bangon tumbi yake tsotsewa, kuma daga nan dabbar take samun mafi yawan ƙarfinta. Daga baya su kansu halittun sukan gangara ɗaki na huɗu a narkar da su, su zama abincin gina jiki. To amma ba sa iya shiga dogon kara mai tauri, sai an farfasa musu. Amfanin tuƙa ke nan. Saniya takan shafe kamar awa 8 a rana tana yin ta, tana tauna kowane curi sau 40 zuwa 60.

Akwai amfani na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato yawu. Babbar saniya tana iya fitar da fiye da lita 100 na yawu a rana, kuma yawun yana kashe tsami kamar yadda kanwa take yi a miya. A nan masu kiwon turka na ragon layya suke tafka kuskuren da yake ba ni takaici kowace shekara. Don son rago ya yi ƙiba da wuri, sai a cika masa kwano da hatsi ko dusa farat ɗaya, a rage harawa. Hatsi ba ya buƙatar tuƙa sosai, don haka yawu ya ragu, tumbi ya yi tsami, da yawa daga halittun cikinsa su mutu. Kafin a ankara rago ya daina ci, ya kama zawo, wani ma ya faɗi. Canjin abinci sai a hankali, cikin makonni biyu ko uku, kuma kada harawa ta yanke.

Leda ma ta zama annoba. Da yake dabbar tana haɗiya ba tare da ta tantance ba, ledar da ta tsinta a juji takan dunƙule a tumbi, ba ta narkewa, ba ta fita, akuya tana ci tana ramewa. Ƙusa da waya kuwa ɗaki na biyu suke faɗawa, wanda yake dab da zuciya, kuma suna iya huda shi.

Raƙumi yana tuƙa, amma cikinsa ɗakuna uku ne, shi ya sa masana suka ware shi a dangi na dabam. Doki da jaki ba sa yi sam. Nasu halittun a babban hanji suke, bayan abinci ya wuce ciki, dalilin da ya sa ake ganin ɓurɓushin ciyawa a kashin jaki fiye da na saniya. Ɗan maraƙi shi ma ba a haifarsa da tuƙa. Nonon da yake tsotsa yana bin wata 'yar hanya da ke tsallake tumbi zuwa ɗaki na huɗu kai tsaye, sai ya fara ɗan tsinkar ciyawa sannan tumbinsa yake girma, ya soma tuƙa yana da 'yan makonni.